Kai ƙananan yara bakin teku daga Gwallameji: Abubuwan da ya kamata ka sani

Yaron da ya tashi a Gwallameji, tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da titin Dass, babban ruwan da ya taɓa gani da idonsa bai wuce madatsar Gubi ba, sai fa in an taɓa kai shi Wikki a Yankari. Teku kuwa sai a littafin makaranta ko a fuskar waya. Saboda haka idan magidanci ya ƙudura cewa wannan hutun zai kai iyalinsa su ga inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, niyya ce mai kyau, kuma ba almubazzaranci ba ne. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, daga Badagry a yamma har Kuros Riba a gabas, kuma ɗan Bauchi na da rabo a cikinta daidai da ɗan Legas. Fataken da suka gabace mu ma sun taka har Ikko, wato Legas, da ƙafa.

Sai dai tafiya da ɗan shekara uku a hannu da jaririya a goye daban take da tafiyar gwauro. Ga shi mu mutanen tudu ne, babu kakar da ta taɓa zaunar da mu ta gaya mana halin teku. Shi ya sa bayanin nan zai fara da ruwan kansa kafin a zo kan tikiti da masauki, domin ruwan ne ya kamata ya zaɓa maka wata, da wuri, da yawan manyan da za su raka ka.

Me ya raba teku da ruwan da muka sani?

Ruwan Wikki garau yake, mai ɗumi, zafinsa na tsayawa wajen digiri 31 rani da damina, kana hango yashin ƙasa, kuma yana gangarawa a hankali ta fuska ɗaya. Wanda ya saba da shi yakan ɗauka ya san ruwa. Gaɓar Legas kuwa tana fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, babu tsibiri ko dutsen da zai rage ƙarfin igiyar da ta taso daga can kudu mai nisa kafin ta daki yashi.

Igiyar da ta zo sai ta koma, kuma komawar ce ke kayar da mutum. Tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa, a wurare da yawa kuma gaɓar na da gangare sosai, taku biyu ko uku sai zurfi. Babban mutum da ruwa ke kai wa gwiwa yana iya faɗuwa, balle yaron da ruwan idon sawu ya ishe shi. Igiyoyin kuma ba girmansu ɗaya ba. Ƙanana za su yi ta zuwa har hankali ya kwanta, sai wata babba ta taho ta kai har inda aka shimfiɗa tabarma. Mazauna gaɓa ba sa juya wa teku baya, kai ma kada ka juya, ko da hoto ake ɗauka.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ido ba ya ganewa. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya haɗu a wata siririyar hanya ya kwarara ciki da gudun da gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Ta sama kuwa wurin ya fi ko'ina alamar lafiya: ruwan ya ɗan yi duhu, babu kumfa, igiya ba ta fashewa a wurin. Uwar da ke neman inda ya lafa don yaranta su tsoma ƙafa, nan ɗin za ta nuna. Wannan kuskure ne na mai hankali, shi ya sa yake da ban tsoro. Babban da wannan ruwa ya ja kada ya yi ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta nutsar da shi. Ya bar jikinsa ya yi yawo a sama, ya ɗaga hannu a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo gefe, wato ya bi tsawon gaɓar, har ya fita daga hanyar.

Sannan teku yana cika yana janyewa, kusan sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Jan wata ne babban dalili, don haka kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinka tana da amfani a nan: cikar ta fi yawa a kwanakin farkon wata da kuma wajen 14 da 15 gare shi. Ka lura, kwanakin yawon ƙaramar Sallah, lokacin da jama'a ke yin dafifi a bakin teku, suna faɗawa ne daidai farkon wata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Bakinsa na neman iska ne, ba shi da sararin kiran Umma. Abin na faruwa shiru, cikin ɗan lokacin da mutum zai amsa waya ya ajiye.

Wane wata ya fi dacewa?

Dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, shi ne ya fi jan hankalin iyaye, kuma shi ne mafi rashin dacewa da teku. Damina a Legas tana kankama tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ko a wannan tsagaitawar ta Agusta teku ba ya kwanciya, a watannin ne ma ya fi fushi. A Agustan 2012 ne ruwa ya yi ambaliya a gaɓar Kuramo da ke Legas ya tafi da rayuka. Hanyar mota ma tana da tata matsalar a ƙarshen damina: a 2012 da kuma 2022 ambaliya ta datse titin Abuja zuwa Lokoja, matafiya suka kwana a hanya.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne sama ke washewa, teku kuma ya fi sauƙi, ko da yake ba ya taɓa zama abin sakewa da shi. Cikas ɗin shi ne rabin Disamba na ƙarshe. Legas na cika da 'yan hutu daga ƙasashen waje, Kalaba na bikin Carnival ɗinta da aka fara a 2004, kuɗin ɗaki da na jirgi su yi tashin gwauron zabo. A lokacin ne kuma hazon hunturu ke sa a jinkirta tashin jirage ko a soke shi a filayen Arewa.

In yaranka ba su shiga firamare ba, ka fi kowa sa'a: ka tafi a Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, ka duba inda azumi ya faɗo a shekarar. In 'yan makaranta ne, ka kama kwanakin farko na hutun Disamba kafin gari ya cika, ko hutun Afrilu, ka haƙura da zafi da yayyafin farkon damina.

Ina za a nufa?

Wanda rabonsa da Legas ya daɗe zai ambaci Bar Beach. Babu ita yanzu, an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. A Afrilun 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark saboda aikin babban titin gaɓa daga Legas zuwa Kalaba. Gaɓar Legas na sauya kama da sauri, don haka kada ka dogara da hoton da ka gani bara. Ka sa wani mazaunin garin ya tabbatar maka wurin na nan, kuma a buɗe yake.

Galibin wuraren da ke yankin Lekki na masu zaman kansu ne, ana biya a ƙofa. Elegushi da Oniru sun yi suna da kiɗa da shaye-shaye, musamman da yammacin ƙarshen mako, kuma magidancin da ya je da iyalinsa a irin wannan lokaci ba zai ji daɗin abin da yaransa za su gani ba. Can gabas, wajen Eleko da Akodo, an fi samun natsuwa, sai dai titin Lekki zuwa Epe na fama da manyan motoci tun da matatar Dangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki suka fara aiki.

Ga mai ƙananan yara, Tarkwa Bay ce ta fi cancanta a duba. Tana bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma katangun duwatsun da aka jera tun zamanin Turawa don kare mashigar suna rage mata ƙarfin igiya. Amma ba a zuwa sai ta ruwa, kuma wannan ma shawara ce da sai an tsaya an yi. Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka tambayi rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yaro, domin ta manya zamewa take yi ta kan yaro da zarar ya faɗa ruwa. In babu, kada ku hau. Ku kuma dawo da sauran rana, ba a shiga ƙaramin jirgi da duhu. Gaɓar da ke maƙwabtaka da ita, wadda ake kira Lighthouse, ba ta da wannan kariya, kada yawo ya kai ku can.

Badagry ta fi ba da abin da yaro zai koma aji da shi. Ga gaɓar Suntan da itatuwan kwakwa, ga benen da aka gina a 1845 wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, ga gidajen tarihin cinikin bayi, ga tsibirin Gberefu inda ake bi da bayi zuwa jirgi. Daga Badagry ne Baturen nan Clapperton ya kamo hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaro ɗan shekara 8 zai riƙe wannan. Ɗan shekara 3 kuwa tafiyar ƙafa a yashin Gberefu cikin rana wahala ce kawai gare shi da mai ɗaukarsa.

Ta gabas akwai Ibeno a jihar Akwa Ibom, doguwar gaɓa mai shimfiɗaɗɗen yashi da ake shiga ta Eket, kuma Uyo na da filin jirgin sama. Kalaba ita ba a bakin buɗaɗɗen teku take ba, a bakin kogi take. Iyalin da burinsu ganin babban ruwa da jirage ne ba tare da fargabar igiya ba, Marina ta Kalaba ta ishe su, ga kuma unguwar Bogobiri inda za a ji Hausa a ci tuwo. Kwatano da Lome da Akara duk suna da zango na Hausawa, amma sai da takardun tafiya da katin rigakafin shawara, kuma tekun nasu ɗaya ne da na Legas. A bar su sai tafiya ta biyu.

Mota ko jirgi?

Daga Bauchi zuwa Legas ya haura kilomita 1,000: Jos, Akwanga, Keffi, Abuja, Lokoja, Okene, Akure, Ife, Ibadan. Direban haya na iya cinye hanyar a zama ɗaya, yaro ba ya iyawa. A raba ta kwana biyu, a kwana a Abuja ko Lokoja, kuma kada magariba ta same ku a daji. Manyan motocin dare sun fi araha, amma da ƙananan yara ba na ba da shawararsu, saboda tsaro, da barcin direba, da kuma rashin tsayawa idan yaro ya matsu. Mai zuwa Kalaba ko Ibeno zai karkata ne daga Akwanga ya bi Lafiya da Makurdi, ita ma ba tafiyar yini ɗaya ba ce.

In motarka ce, ka kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba. Yara a baya suke zama, ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ke nan ga 'yan ƙasa da shekara 12, kuma ɗora yaro a cinya a gidan gaba ganganci ne komai kukansa. A tsaya duk bayan awa biyu ko uku. A ajiye rigar sanyi kusa saboda Jos, da leda da kayan canji saboda amai, domin hawa da gangarar tsaunukan Filato na juya cikin yara da yawa. In motar haya ce, ka biya wa duk yaron da ya wuce goyo kujerarsa. Kuɗin da za ka rage ta hanyar ɗora shi a cinya, uwarsa ce za ta biya da ƙafafunta.

Lokoja ta cancanci awa ɗaya, a nuna wa yara inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Daga Ibadan kuma akwai jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe a 2021, daga tashar Moniya zuwa Ebute Metta cikin ƙasa da awa uku, wanda ga yara da yawa shi ne zai zama abin labari fiye da tekun.

Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Durum, amma jadawalin jiragensa na canzawa, kuma sau da yawa sai an bi ta Abuja. A duba na Jos da ke Heipang ma. Hanyar da ta fi daidaita aljihu da jikin yara ita ce a shiga Yankari Express ko wata motar safe zuwa Abuja, a kwana, a hau jirgi zuwa Legas ko Uyo washegari. Jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne, amma dole a sa sunansa tun wurin sayen tikiti, a kuma riƙe takardar haihuwarsa. Uwa ta ba shi nono lokacin tashi da sauka, haɗiya na rage masa ciwon kunne.

Masauki da kuɗi

Kusan kowane gida a Bauchi na da wani a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba. Sauka a wurin ɗan'uwa zumunci ne, kuma da kilishi da man shanu da daddawa a jaka za a yi maka maraba. Sai dai Agege ba kusa da teku take ba. Zuwa Lekki da dawowa cikin cunkoson Legas na iya cinye rabin yini, yara su isa a galabaice. Jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a 2024, mai bi ta Agege da Ikeja zuwa Oyingbo, ya rage wani abu, bai kai ka gaɓa ba. Dabarar ita ce a yi kwanakin zumunci a gidan 'yan'uwa, sannan a kama ɗaki na kwana biyu kusa da ruwa.

A nemi masaukin da ke da wurin girki, ko da risho ne, saboda kunun safe da ruwan zafin jariri. Kada a tura kuɗi ga wanda aka gani a Instagram kawai, sai wani naka ya je ya ga ɗakin da idonsa. In masaukin na da wurin iyo, ka ɗauke shi da haɗari ɗaya da teku, ka tambaya ko yana da shinge, kuma ka karɓi ɗakin da ƙofarsa ba ta buɗewa kai tsaye gare shi.

Ba a rubuta farashi a irin wannan bayani ya kai wata uku yana nan daidai, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙananan kuɗaɗen da ke cinye aljihu ba a ankara ba: kuɗin ƙofa na kowane kai, hayar rumfa da kujeru, kuɗin shiga da abincinka a wasu wuraren, ajiye mota, banɗaki, hawan doki, hoto. A yi ciniki kafin a zauna, kafin kuma a ɗora yaro a kan doki. A ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai don asibiti ko ƙarin kwana, a riƙe tsabar kuɗi saboda ranar da na'urar POS za ta ƙi. Adashin wata shida ko takwas ya fi bashi. Kuma wanda zai tafi a Disamba ya fara ajiye kuɗin makarantar Janairu a gefe, abin da ya rage shi ne na teku.

Yadda ranar za ta kasance

A je da safe a ranar aiki, a tashi kafin rana ta take. Da isa, kafin a kwance kaya, maigida ya nemi masu ceto ya tambaye su inda ya fi aminci a ranar. In babu masu ceto a wurin, yara su tsaya a busasshen yashi, a ɗebo musu ruwa a bokiti. Jar tuta na nufin ba a shiga. Masunta ma sun san ruwansu, in suka ce a matsa, a matsa.

Kowane ƙaramin yaro da babba ɗaya, wannan ita ce ƙa'idar da ba a sassautawa. Mai yara uku ƙanana ya sa kuɗin motar ƙanwarsa ko ƙanin matarsa cikin lissafi tun farko. Kuma a faɗi sunan wanda ke tsaron wane da baki, domin inda manya suka yi yawa kowa na ɗauka wani na kallo. Mai tsaro ba ya riƙe waya, ba ya hira, kuma kusa da ruwa tazararsa da yaro ba ta wuce tsawon hannu. Yayar da ke da shekara 10 ba mai tsaro ba ce, ita ma tsaronta ake yi. Goyo kuma ba a kusantar igiya da shi, domin in uwa ta faɗi, a kan jaririn za ta faɗi.

Uwargida, a nan maganar taki ce. Dogon hijabi da zane idan suka jiƙe suna yin nauyi, su naɗe ƙafa, kuma ba za ki iya bin yaro da gudu a cikinsu ba. Akwai suturar da ta rufe jiki ba tare da wannan ba: dogon wando mara nauyi, riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da ba ya jan ƙasa. Ki ajiye babban a jaka don sallah da komawa gida.

Balan-balan ɗin iyo da ake hura wa iska abin wasa ne, ba ya ceton rai, iska ma na iya tura shi ciki da yaron a kai. A sa wa yara takalmin roba saboda fasassun kwalabe da zafin yashi. A hana su haƙa rami mai zurfi su shiga, yashi na ruftawa. A sa musu kaya masu launi mai ɗaukar ido, a ɗauke su hoto da safe da kayan a jikinsu, a rubuta lambar wayar uba a ɗaura a hannun kowanne. Yaron da Hausa kaɗai yake ji, in ya ɓace a cikin taron Legas, wannan lambar ce bakinsa.

Ta fuskar ibada babu ƙunci. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a cikinsa halal ne, hadisin da ya zo da hukuncin yana cikin Muwaɗɗa. Nisan tafiyar ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya zai cika sallarsa. A gaɓar Legas teku na kudu, don haka mai fuskantar alƙibla zai bar shi ta hannun dama. Iyaye su yi sallah ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa jam'i a bar yara da ruwa.

Ciki, sauro da rana

Zafin gaɓa mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Bauchi ba. Ƙurajen zafi na fesowa yara da wuri, sai a sa musu kayan auduga marasa nauyi, a wanke musu gishiri da ruwan daɗi da zarar an tashi. Jaririn da bai kai wata 6 ba a inuwa yake zama. Baƙar fata ma rana na ƙona ta, hula da man kariya daga rana ba na Turawa kaɗai ba ne.

Ruwan sha sai na gora da aka buɗe a gabanka, ko wanda aka tafasa. A Yunin 2024 an yi ɓarkewar kwalara a Legas, kuma ƙanƙara da zoɓon da ba a san ruwansu ba su ne hanyar da ta fi sauƙi. A tafi da garin kunu, da dabino, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, abin da cikin yaro ya sani. Fura da nono ba sa jure hanya. Jatan lande da ƙaguwa, yaron da bai taɓa ci ba a ba shi kaɗan tukuna, in leɓe ko fuska suka kumbura ko numfashi ya canza, asibiti nan take. A kuma gaya wa yara kada su karɓi farin abin sha daga hannun kowa, bammi na kama da kunu a idon yaro.

A Bauchi zazzaɓin cizon sauro da damina yake tashi, a gaɓa kuwa ba shi da lokaci. A sa gidan sauro a jaka ko da Janairu ne. A haɗa da gishirin hana bushewar jiki na ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, da farasitamol na yara, da ma'aunin zafi, da filasta. Duk zazzaɓin da ya zo a can ko bayan an dawo, a gwada jini kafin a ba da magani.

In abin da ake gudu ya faru

Wanda bai iya iyo a teku ba kada ya faɗa, sau da yawa haka ake rasa mutum biyu a maimakon a ceci ɗaya. A yi ihu, a kira masu ceto da masunta, a jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka ce da murfinta, ko kula, ko ƙwallo. Lambar gaggawa 112 ce, a Legas akwai kuma 767.

In an fito da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna cikinsa ko juya shi kai ƙasa don ruwa ya fita, kamar yadda aka saba yi a bakin rafukanmu. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, ba a tsayawa har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da matsala bayan awanni.

Karanta wannan a takarda ba ya koya wa hannu. Ƙungiyar Red Cross na da reshe a Bauchi kuma tana koyar da taimakon gaggawa. Maigida da uwargida, ku nemi wannan horon tare, ku gama shi kafin ku sayi tikitin farko.